Ranar da Aka Tarar da Harisu a Zaune

Ana sallame sallar asuba Harisu ya hau kekensa ya nufi lambu. Bai tsaya gaisuwar ƙofar masallaci ba, dama ba ya tsayawa. Daga Sandamu zuwa lambun tafiyar minti ashirin ce a keke, in ka bi hanyar Daura ka saki kwalta ka yi hagu. Ya isa gari bai gama wayewa ba. Ya buɗe ƙofa da mabuɗin da ke rataye a wuyansa, ya jingine keken a gindin darbejiya, ya jawo dutsen washi daga ƙarƙashin randa, ya yayyafa masa ruwa, ya zauna yana wasa wuƙa. Da ya gama ya gwada ta a gashin hannunsa. Ta aske. Ya tashi.

Lambun na wani Alhaji ne mazaunin Kano, wanda ba a ganinsa sai sau biyu a shekara. Rainon itatuwa ake yi a ciki, mangwaro da gwaiba da lemo, a jere cikin baƙaƙen ledoji a ƙarƙashin rumfar raga. Masu gonaki suna zuwa saye daga Daura, daga Mashi, har daga tsallaken iyaka. Mu tara ne ma'aikata. Ni nake kula da injin ruwa.

Aikin Harisu aurar da mangwaro. Mangwaron da ya tsiro daga ƙwallo yakan daɗe kafin ya yi 'ya'ya, in ya yi ma rabinsa zare ne. Sai a yanko ɗanyen reshe daga bishiya mai kyau, a fere gindinsa ta gefe biyu, a tsaga kan tsiron, a cusa reshen, a naɗe da zirin leda. In ya kama, cikin mako uku zai fitar da toho ja mai sheƙi. In bai kama ba, ya yi baƙi ya bushe. Shi ke nan.

Harisu yana da ƙa'ida guda. Yana yanka daga wayewar gari har rana ta taɓa ƙafar tankin ruwa, wajen ƙarfe goma ke nan. Tana taɓawa zai goge wuƙar a gefen rigarsa ya naɗe ta. Ya ce in rana ta ɗaga, yankan yana bushewa kafin a gama ɗauri, reshen ba zai ƙara shan ruwan uwar, wato tsiron, ba. Daga nan sai ya zauna a inuwa har la'asar, sannan ya bi layi ɗaya bayan ɗaya yana dubawa, yana gyara inda raga ta zame.

Ba da wuƙa ya fara ba. Shekara goma sha huɗu kafin wannan safiyar, ɗan ban ruwa ne, bokiti biyu a hannu daga safe har yamma. Gonar gado ce ta kasa ciyar da gida ya zo neman aiki, yana da shekara talatin da 'yan kai, bai taɓa shiga aji ba. Manajan wancan lokacin Malam Nu'uman ne, tsohon malamin gona, ɗan cikin garin Daura, gidansu ba nisa da rijiyar Kusugu. Mutum ne da magana take masa wuya. Wata rana ya tsaya ya daɗe yana kallon Harisu yana fere ƙotar fartanya. Washegari ya kira shi, ya yi aure uku a gabansa a hankali, ya miƙa masa wuƙar.

"Ga layi nan, hamsin ne. Naka ne."

Ya juya ya tafi ofis. Bai waiwayo ba, bai kuma leƙo ba har mako uku suka cika.

Takwas suka kama. Arba'in da biyu suka yi baƙi. Harisu ya ɗauki wuƙar ya kai masa, kansa a ƙasa. Malam Nu'uman ya mayar da hannayensa baya ya sarƙe su.

"Takwas ɗin nan wa ya yi su?"

"Ni ne, Malam."

"To wanda ya yi takwas ya san hanya. Ga wani layin can."

Bai taɓa ce masa gwani ba, ko sau ɗaya. Amma in mai saye ya yi tambaya a kan mangwaro, sai Malam Nu'uman ya nuna Harisu da haɓa ya ce, "Ku tambayi mai su." Da shekara ta zagayo ya cire mabuɗin lambu daga nasa ya ba shi. Kafin a yi shekara uku, cikin ɗari da wuya goma su mutu a hannun Harisu. Ran Juma'a mutanen Sandamu sukan kira shi gidajensu ya aurar musu da na tsakar gida, ya yi, ya sha fura, ya tafi. Har tafiyarsa ta sake. Wanda da yake raɓewa jikin katanga ya koma bin tsakiyar hanya.

Ciwon ido ne ya zaunar da Malam Nu'uman. Alhaji ya aiko da sabon manaja daga Kano, sunansa Saminu, kuma wannan safiyar ce aka ce zai iso.

Ya iso ƙarfe goma sha ɗaya, a ƙarshen bazara, rana kamar ta faɗo. Mutum ne ɗan shekara arba'in, tsaf da shi, da littafi a hammata. Ya shigo ya tarar kowa yana motsi, don kowa ya ji ƙarar mota. Sabiru mai tura baro har gudu yake da baron da babu komai a ciki. Mutum ɗaya ne kawai a zaune, ya jingina da darbejiya, hula a kan gwiwa, ido a lumshe.

"Wannan fa? Baƙo ne?" in ji Saminu.

"A'a, Yallaɓai," in ji Sabiru. "Baba Harisu ne, mai aurar da mangwaro."

Saminu ya dubi agogo, ya matsa kusa. "Baba, sannu da hutawa."

Harisu ya miƙe ya sa hula ya rusuna. "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Na gama na safe ne."

"Ƙarfe goma sha ɗaya ka gama."

"Rana ta yi, ranka ya daɗe. In aka yanka yanzu..."

"Na gane." Ya buɗe littafin ya rubuta wani abu. Da zai wuce ya ce, ba da kowa ba, "Kowane wurin aiki akwai irinsa. Kallo ɗaya nake musu."

Taku goma a bayansa akwai mangwaro sittin da huɗu da aka aurar a safiyar nan, ledar ɗaurinsu ko ƙura ba ta yi ba. Bai duba ba. Babu wanda ya nuna masa. Ina tsaye a wurin da sifana a hannu, ni ma ban nuna masa ba.

Sati bai cika ba aka sake tsari. Ƙofa ƙarfe takwas za a buɗe ta, ƙarfe huɗu a rufe. Kowa zai sa hannu a littafi, wanda bai iya ba ya dangwala. Aka karɓi mabuɗin Harisu. Ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa, fatar wurin ta yi wani zobe mai haske inda igiyar take kwanciya. Aka ce mai aure zai yi aure daga takwas har huɗu, kamar yadda mai baro yake tura baro daga takwas har huɗu.

Sau ɗaya Harisu ya je ya roƙa. Ya cire takalmi a ƙofar ofis ya tsuguna.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. A bar mini mabuɗin in riƙa zuwa da asuba."

"Wa zai ga ka zo?"

"Itatuwan za su nuna."

"Itace ba ya sa hannu a littafi, Baba." Saminu ya yi murmushi, ba na mugunta ba. "Na yi aiki da dattawa da yawa. Kowa da dalilin da ya sa ba zai yi aikin rana ba. Je ka yi abin da aka ce, mu gani."

Ya je ya yi abin da aka ce. Ya yanka da ƙarfe goma sha biyu, ya yanka da ƙarfe biyu, gumi yana ɗiga a kan reshen. Saminu ya kan zo ya tsaya a bayansa, hannu a aljihu, inuwarsa a kan aikin. Shekara goma sha huɗu ba wanda ya taɓa tsaya wa Harisu a ka. Hannun da yake fere reshe da ja biyu ya koma yin huɗu, yin biyar, har reshen ya sirance ya jefar ya ɗauki wani. Ya ɗaura ya kwance ya sake ɗaurawa. Ranar Laraba ya yanki babban yatsansa. Ya tsaya yana kallon jinin kamar na wani ne.

Bayan mako uku aka fito dubawa. Cikin ɗari uku, ɗari da 'yan kai suka kama. Duk mai ido zai ga yadda abin yake: kowane layi ya fara da jan toho, ya ƙare da baƙaƙen tsinke. Na safe sun rayu, na rana sun mutu. Saminu bai kula da wane gefe ne ya mutu ba. Ya bi ya ƙirga kawai, ya rufe littafi.

"Wannan ne gwanin da ake ba ni labari?"

Ba fushi a muryarsa. In ma akwai wani abu, to irin natsuwar mutumin da lissafinsa ya fita daidai ce. Harisu ya dubi layukan. Da hannunsa ya yi su. Wannan ba ƙarya ba ce.

A ranar aka karɓi wuƙar, aka mayar da shi cika leda. Tulin ƙasa da yashi da taki, kujera 'yar tsugunno, damin baƙaƙen ledoji. Ka hura leda ta buɗe, ka cika, ka buga gindinta a ƙasa, ka ajiye, ka ɗauki wata.

Saminu ba mugun mutum ba ne, gara a faɗa. Shi ya gyara shingen da awaki suka shekara biyar suna shiga ta ciki. Shi ya sa aka sayo sabuwar raga. Da matar Sabiru ta haihu, a motarsa aka kai ta asibiti. Ya dai riga ya yanke hukunci a kan mutum ɗaya da ƙarfe goma sha ɗaya na ranar farko, duk abin da ya gani bayan nan kuma sai ya zama shaida.

Wuƙar ta koma hannun Hafizu, wanda Saminu ya zo da shi. Magidanci ne ɗan shekara talatin, da difloma ta aikin gona, amma aure biyu kacal ya taɓa yi a makaranta, shi da bakinsa ya faɗa. Saminu ya kan dafa kafaɗarsa a gaban mutane ya ce, "Wannan zai yi nisa, ku sa ido." Hamsin ɗin Hafizu na farko, shida suka kama. Muka tsaya muna jiran abin da za a ce.

"Farko ne," in ji Saminu. "Hannu bai saba ba. Shida ma ai alama ce. Ɗauki wani layin."

Harisu yana jin wannan daga wurin tulin ƙasa. Hannunsa ya tsaya cikin leda na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Hafizu mai kunya ne, kuma ba ya son asara. Da azahar, in manaja ya shiga ofis, sai ya zo ya tsuguna kusa da tulin kamar mai neman inuwa.

"Baba Harisu, me nake yi ba daidai ba?"

Da farko Harisu ya kan amsa. Ya nuna masa da tsinke a ƙasa yadda ake kwantar da wuƙa, ya ce masa ɓawon reshe ya haɗu da ɓawon uwa ko da ta gefe guda ne, ya gaya masa maganar ƙafar tanki. Hafizu ya je ofis ya ce yana ganin gara a riƙa yin aure da sassafe kafin rana ta ɗaga. Saminu ya fito da shi waje don kowa ya ji.

"Kun ji tunani? Wannan shi ne amfanin karatu."

"Yallaɓai, Baba Harisu ne ya gaya mini," in ji Hafizu.

"Kana da kirki, Hafizu. Shi ma yana cikin abin da ya sa za ka yi nisa."

Ya ba shi mabuɗin, da igiyar Harisu a jiki. Sabiru ya tura baro ya wuce ta gefen tulin yana cewa ƙasa-ƙasa, "Baba, da ka sani ka sayi difloma a kasuwar Mashi, an ce kusa da 'yan awaki ake sayarwa." Mutum biyu suka yi dariya. Harisu bai yi ba, bai kuma ɓata rai ba. Ya hura leda.

Hafizu kuwa ya yi nisan. Ana ce masa zai iya, ana barinsa ya ɓata ya sake, hannunsa ya faɗa. Kafin damina biyu ya kai tamanin cikin ɗari. Ya daina zuwa tulin, ba don raini ba, don amsar da yake samu ta koma iri ɗaya: "Kai ka sani, kai ka yi karatu."

Abin da ba mu zata ba, cika ledar ma sai ta fara gagarar Harisu. Ya kan manta huda gindin leda, ruwa ya kwanta, ƙwallo ya ruɓe. Ya kan zuba taki ya yi yawa. Sai ya koma tambaya. Shebur nawa na yashi, ranka ya daɗe? A nan zan jera ko can? In tashi in yi salla? Mutumin da masu saye suke jira ya gama alwala don su ji ta bakinsa, yanzu ba ya matsar da kujerarsa daga rana zuwa inuwa sai ya dubi ƙofar ofis. Saminu ya kan amsa masa da haƙuri, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar yadda ake yi wa wanda ba ya ji sosai.

A damina ta biyu, wata Alhamis, iskar hadari ta yage raga ta gefen gabas, hadarin kuma ya watse ba ruwa. Rana ta fito a kan sabbin aure ɗari biyu na Hafizu. Manaja da Hafizu suna Daura, mu kuma muna can ƙarshen lambu muna fama da tiyon da ya fashe. Harisu kaɗai ne a kusa, taku biyar tsakaninsa da wurin. Sanda biyu da igiya sun isa gyaran, ya yi irinsa ya fi sau ɗari. Awa uku rana tana dukan su. Da Sabiru ya dawo ya gani, ya saki baro.

"Baba, ba ka ga wannan ba?"

"Na gani."

"To?"

"Ba a ce in taɓa ba. In na taɓa zan ɓata."

Da ramuwa ce da mun gane, da wasunmu ma sun ji daɗi. Amma babu ramuwa a fuskarsa. Ya faɗa ne kamar mai faɗin ranar kasuwa. Rabin auren suka mutu. Da Saminu ya ji labari ko kiransa bai yi ba, ya ce da Sabiru, "Me kuke jira daga wurinsa dama?"

A gida bai daina tashi da asuba ba. Jiki ya saba. Yakan dawo daga masallaci ya zauna a zaure, keke a gefensa, har ƙarfe bakwai da rabi. Wata Juma'a maƙwabcinsa Usman ya yi sallama, ya ce akwai mangwaro biyu a bayan ɗakinsa da suka isa aure.

"Je ka wurin Hafizu," in ji Harisu. "Ni hannuna ya daina."

"Haba Malam Harisu, wasa kake."

"In na taɓa maka za su mutu, mu zo muna jin kunyar juna."

Matarsa Haulatu tana jin su daga tsakar gida. Da Usman ya tafi ta kawo masa koko ta ajiye, ba ta koma ba. Shekara ashirin da shida suna tare, ba ta saba sa baki a maganar aikinsa ba.

"Malam, mangwaron nan da muke zaune a inuwarsa, wa ya aurar da shi?"

"Zamanin Malam Nu'uman ne."

"Na san zamanin. Shi ya riƙe maka wuƙar?"

Ya juya ludayi a cikin kokon. "Wataƙila sa'a nake ta yi, Haulatu. Shi kuma Malam mai kawaici ne, bai faɗa ba. Wannan ya zo ya ƙirga."

"Sa'a shekara goma sha huɗu?"

"Akan yi."

Ta tsaya ta dube shi, sannan ta ɗauki murfin kwanon ta shiga ciki.

Shekara uku Saminu ya yi. Lambu bai faɗi a hannunsa ba, ya ma ƙaru, Alhaji ya yaba ya mayar da shi Kano kan wani aikin da ya fi wannan. Ya yi sallama da kowa hannu da hannu, har da Harisu, ya ce masa, "Baba, a riƙa ƙoƙari." Ya bar wa Hafizu kujera da littafi. A littafin, gaban sunan kowa akwai 'yar magana. Gaban na Harisu kalma huɗu ce: a sa masa ido.

Abin da Hafizu ya fara yi a ranar da ya zama manaja, ya fito da wuƙar da mabuɗin ya taka har wurin tulin ƙasa ya tsuguna.

"Baba Harisu, ga kayanka."

Harisu ya miƙe tsaye da sauri. "Ranka ya daɗe."

"Baba, ni ne fa, Hafizu. Zauna."

"Manaja ne kai yanzu."

"To manaja ya ce gobe da asuba ka zo. Ga layi can, ashirin ne kawai. Yadda ka ga dama, lokacin da ka ga dama."

Ya karɓa, tunda an ce ya karɓa.

Washegari na zo da wuri don tayar da inji, na tarar ya riga ni. Ya wasa wuƙa, ya yanko rassa ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya ajiye kujera a gaban layin. Yana zaune. Haske ya fito yana zaune. Sai da Hafizu ya iso wajen bakwai ya ɗaga kai.

"Ranka ya daɗe, wa zai duba?"

"Ba wanda zai duba, Baba."

"In na ɓata fa?"

"Akwai wasu ashirin ɗin."

Hafizu ya shige ofis ya rufe ƙofa, ya saki labule. Harisu ya ɗauki reshe. Ja biyu ya yi masa, ya feru sumul kamar da. Hannun bai manta komai ba. Amma yana gama ɗauri sai ya waiwaya bayansa. Ba kowa, sai baron Sabiru a kife. Ya ɗauki na biyu, ya gama, ya waiwaya. Haka har ashirin. Aikin da da yake yi cikin awa guda, sai da rana ta kusa ƙafar tanki ya gama shi. Ya goge wuƙar a rigarsa. Bai je gindin darbejiya ba. Ya koma tulin ƙasa ya ci gaba da cika leda har ƙarfe huɗu.

Mako ukun nan ko sau ɗaya bai bi ta layin ba. In zai je randa sai ya zagaya ta bayan ofis.

Goma sha takwas suka kama. Tohon ya fito ja, mai sheƙi, wasu har ganye huɗu. Hafizu ya tara mu duka, ya sa Sabiru ya kamo hannun Harisu ya kawo shi.

"Baba, sha takwas cikin ashirin. Ni ban taɓa yin haka ba."

"Ashe difloma tana nan a aljihunka ka ɓoye mana," in ji Sabiru.

Harisu ya sunkuya ya dubi na farko, ya taɓa ɗaurin da yatsa. Ya daɗe. Sannan ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ka bi bayana ka gyara ne?"

"Wallahi ban taɓa ko ɗaya ba."

"To damina ce. Bana ko sanda aka kafa sai ta yi toho."

"Nawa da na yi a satin, sha uku ne cikin ashirin. Damina ɗaya ce."

Harisu ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa babba in ya yi magana. Ya zura hannu a aljihu ya fito da wuƙar, ya cire igiyar mabuɗi daga wuyansa, ya haɗa ya miƙa. Hafizu ya mayar da hannayensa baya. Ba wanda ya ba shi labarin Malam Nu'uman, haka kawai ya yi. Suka tsaya a haka, ɗaya da hannu a miƙe, ɗaya da hannu a ɓoye, mu muna kallon ƙasa. Can Harisu ya taka zuwa ofis, ya cire takalmi a ƙofa, ya shiga ya ajiye su a kan tebur, a kan littafin sa hannu, ya fito ya sa takalminsa.

"A ba wanda zai iya, ranka ya daɗe. Kar a yi asarar itacen mutane."

Hafizu ya sake gwadawa sau biyu a watan. Har Daura ya je ya gaida Malam Nu'uman, ya dawo da saƙo cewa Malam yana tambayar mai mangwaro. Harisu ya ce, "Allah ya ƙara masa lafiya," ya hura leda.

Ba a daɗe ba na samu aikin inji a wani lambun a Mashi, kusa da gida. Ranar da zan tafi ruwa ya yi kwana tara da ɗaukewa. Na zo da safe kwasar kayan aikina. Sha takwas ɗin nan suna inda suke, ba a sayar ba, Hafizu ya hana. Ƙasar ledojin ta tsage, sabon ganyen ya langaɓe. Sai na ga Harisu ya tashi daga tulin, ya cika bokiti a tanki, ya ɗauko, ya bi ta tsakiyar lambu ba ta bayan ofis ba. Ya tsaya a kansu da bokitin a hannu.

"Zuba mana, Baba," na ce.

"Bari manaja ya zo."

"Ya tafi Daura. Sai azahar."

Ya dubi ƙofar ofis, a kulle take. Ya dubi ganyen. Ya sunkuya ya ajiye bokitin a gefensu, a hankali don kar ruwan ya zube, ya gyara masa zama. Sannan ya koma kan kujerarsa, ya zaro leda ɗaya daga damin, ya hura ta ta buɗe, ya fara cikawa.